Jijiyoyin jini sun shiga baƙin idon yayana bayan gyambo: waraka ce ko wata matsalar?

Abu_Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu ilimin ido ce. Yayana ya yi gyambo a baƙin idonsa na hagu bayan wani tsinke ya soke shi. An sha fama, gyambon ya rufe, amma ya bar masa hakiya, ga kuma wasu siraran jijiyoyi jajaye sun taso daga gefen farin idon suna rarrafawa zuwa wurin hakiyar. Likitansa ya ce ba zai taɓa maganar dashen sabon baƙin ido ba sai an lafar da waɗannan jijiyoyi tukuna. Nan ne kaina ya ɗaure. Ko'ina a jiki jini ne ke kawo waraka, mikin da jini ba ya kai masa ba ya warkewa. To don me za a yaƙi jijiyar da ta zo gyara? Ni a ganina alamar sauƙi ce, kuma ina tsoron kada a hana idon ƙarasa warkewa.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ni ma tunanina ke nan, ai inda jini ya yanke nama mutuwa yake yi.

Nas_Rabi:
Sannu da jinya Abu Hafsat. Gyambon yayanka a kan koniya yake, wato tantanin nan garai-garai da ya rufe gaban ido. Kaurinta a tsakiya bai wuce rabin milimita da kaɗan ba, faɗinta kuma milimita 11 zuwa 12, amma ita ke yin kusan kashi 2 cikin 3 na aikin tattara haske kafin ya isa bayan ido. Lafiyayyar koniya ba ta da jijiyar jini ko ɗaya. Haka aka halicce ta. Iskar oksijin ta cikin hawaye take samu, abin da take rayuwa da shi kuma daga ruwan da ke bayanta da jijiyoyin da suka tsaya a gefenta. Duk jijiyar da ka ga ta tsallako ciki, wani abu ne ya faru, kuma duk inda ta bi haske ba zai ratsa yadda ya kamata ba.

Malam_Tukur:
Hajiya Rabi, na yarda da bayaninki amma bai amsa tambayar ba. Bawan Allah nan bai ce lafiyayyen ido na da jijiya ba. Cewa ya yi idon da ya ji rauni yana bukatar jini. Jiki ba ya aiko abu a banza.

Likita_Aminu:
Malam Tukur yana da gaskiya ta wani ɓangare, kuma ba na so mu tsallake wannan. Lokacin da gyambo ke ci, musamman mai zurfi, zuwan jijiyoyin jini yakan taimaka ƙwarai. Suna kawo ƙwayoyin garkuwar jiki da sinadaran da ke hana naman koniya narkewa. Akwai gyambon da muke kwana da fargabar kada ya huje, idan muka ga jijiyoyi sun iso bakinsa hankalinmu yakan ɗan kwanta. Har aikin tiyata akwai, wanda Gundersen ya bayyana a 1958, inda ake janyo tantanin da ke kan farin ido da jijiyoyinsa a lulluɓe koniyar da ta ƙi warkewa, da gangan, don a tsira da ƙwayar idon.

Amma ka lura da kalmar: a tsira da ƙwayar idon. Gani kuma daban ne. Abin da ya sa koniya take garai-garai shi ne zarurrukan kolajin da ke tsakiyarta, wajen kashi 90 cikin 100 na kaurinta, sirara ne masu kauri ɗaya, a jere cikin tsari, kuma ruwan da ke tsakaninsu a ƙayyade yake. Sabbin jijiyoyi bangonsu bai yi ƙwari ba, yoyo suke yi. Ruwa ya fita, koniya ta kumbura ta yi hazo. Daga baya kitse ya fita ya taru, sai ka ga wani fari mai ruwan ɗorawa yana faɗaɗa a bakin jijiyar, har ya fi hakiyar farko girma. Saboda haka jijiyar da ta taimaka a watan farko, ita ce kuma za ta iya rage ganin a watan shida. Yayanka ya wuce matakin farko, gyambo ya rufe. Likitansa yanzu matakin gaba yake dubawa.

Abu_Hafsat:
Na gode Likita. Wannan ya shiga. Amma mene ne haɗin jijiyoyin da dashe? Ai za a yanke wurin ne a sa sabo, jijiyoyin ba za su tafi tare da tsohon ba?

Zainab_Bincike:
Bari in shigo nan, don a kan wannan nake aiki a ɗakin gwaji. Yaya Abu Hafsat, tsakiyar koniya kawai ake yankewa, gefen yana nan, jijiyoyin kuma daga gefen suka taso. Da an ɗinka sabuwar, a bakinta suke.

Kuma jajayen da kake gani rabin labarin ne. Tare da su akwai wasu da ido ba ya gani, ko da na'urar duba ido mai fitila ba a ganinsu, su ne jijiyoyin limfa. Su ne hanyoyin da ke kwashe ruwan nama su kai shi kaluluwa, irin wadda ke kumbura a gaban kunne ko a wuya idan ido ya yi ciwo. Ruwan da ke cikinsu ba shi da launi, shi ya sa aka daɗe ba a kula da su a koniya ba, sai da aka samu alamomin rina su, kamar LYVE-1 da aka gano a 1999.

Ka ɗauke su kamar hanya biyu: limfa hanyar kai rahoto, jini hanyar kawo sojoji. Idan aka dasa koniyar wani a idon da ba shi da jijiyoyi, rahoton cewa baƙo ya shigo da ƙyar yake isa kaluluwa, sojojin ma ba su da hanyar isowa. Shi ya sa dashen koniya yake karɓuwa fiye da kowane dashe, kusan 9 cikin 10 suna zama lafiya a shekarun farko, ba tare da an dace jinin mai bayarwa da na mai karɓa ba, da maganin ɗigawa kawai. Amma idan jijiyoyi sun riga sun mamaye wurin, musamman ɓangare 2 ko fiye cikin ɓangarori 4 na koniya, sai a kira shi dashe mai haɗari, kuma a irinsa fiye da rabi sukan gamu da tawayen garkuwar jiki. Tun 1948 Peter Medawar ya nuna cewa fatar da aka dasa a cikin gaban idon zomo takan zauna lafiya matuƙar jijiyoyi ba su shige ta ba. A gwajin ɓeraye kuma an ga cewa ko limfar kaɗai aka toshe aka bar jijiyoyin jini, dashe ya fi daɗewa.

Baffa_Isa:
'Yata Zainab, Allah ya yi miki albarka. Ni an yi min dashen nan, kuma abin da kika faɗa na gani a jikina. Idona sai da aka ɗauki lokaci mai tsawo ana ɗiga magani kafin a yarda a yi aikin, ni kuma ina ta matsa wa likita lamba. Ɗana Abu Hafsat, ka gaya wa yayanka ya yi haƙuri da jiran. Kuma bayan aikin, abu huɗu aka ce in riƙe: ido ya yi ja, haske ya dame ni, gani ya ragu, ko zafi. Ko ɗaya na ji, ranar zan koma, ba gobe ba. Ya taɓa faruwa da ni, na tashi da safe na ga fitila ta yi kewaye kamar hayaƙi, na je a ranar, aka ƙara yawan ɗigon, Allah ya taimaka dashen ya tsaya.

Malam_Tukur:
To wata tambayar, Malama Zainab. Idan jijiya na bin duk inda rauni yake, me ke hana ta shiga koniya tun asali? Ai kullum ido na gamuwa da ƙura da ƙananan ƙarce.

Zainab_Bincike:
Tambaya mai kyau Malam. Ba haka kawai koniya take zaune babu jijiya ba, aiki take yi dare da rana don ta hana su. Akwai sinadarin da jiki ke fitarwa idan yana son sabuwar jijiya, sunansa VEGF, wanda Napoleone Ferrara da abokan aikinsa suka tace a 1989. Nau'in A ya fi kiran jijiyoyin jini, nau'in C da D su ke kiran limfa. Abin mamaki, lafiyayyar koniya tana da VEGF a cikinta, amma tana fitar da wani furotin da ke cafke shi kafin ya kai ga jijiyoyin gefe. A 2006 Ambati da abokansa suka nuna haka: da suka kashe wannan furotin a idon ɓera, jijiyoyi suka shigo ba tare da wani rauni ba. Sun kuma duba ayu na ruwayen Amurka, dabbar da koniyarta ke da jijiyoyi a halittarta, suka tarar ba ta da wannan furotin a koniya, alhali giwa, 'yar uwarta ta kusa a tudu, tana da shi.

Ƙaramin ƙarce ba ya rinjayar wannan kariya. Amma idan kumburi ya yi tsanani ya daɗe, ƙwayoyin garkuwa da ake kira makrofaj sukan cika wurin suna ta zubo VEGF har ya fi ƙarfin mai cafkewa. Daga nan sai jijiyoyi su ɓalle. Wato kumburin ne tushe, jijiyoyin sakamako ne.

Mai_Walda:
Ku yi haƙuri in ɗan kauce. Mu masu aikin ƙarfe kusan kullum sai ɓarɓashi ya faɗa wa wani a ido. A cire, kwana biyu mutum ya warke sarai ba tabo. Me ya sa na yayan wannan bawan Allah ya bar hakiya, namu bai bari ba?

Nas_Rabi:
Zurfi ne, Malam. Fatar saman koniya tana sabunta kanta. Idan ta ƙarje, ƙwayoyin gefen raunin sukan miƙe su ja jiki su rufe wurin, galibi cikin kwana 1 zuwa 3. Idan muka ɗiga rinin fuloresin muka haska shuɗiyar fitila, raunin sai ya yi kore shar, washegari ka ga koren ya tsuke, jibi ya ɓace. Amma idan rauni ya ratsa ƙasa zuwa naman tsakiya, ƙwayoyin wurin sukan rikiɗa su zama masu ɗinki, su zuba sabon kolajin a hargitse, ba bisa tsarin farko ba. Wannan hargitsin ne hakiya. Takan ɗan washe a hankali cikin watanni har shekara, amma ba ta cika ɓacewa ba.

Kuma don Allah, tunda ka kawo maganar: ku daina cire wa juna ɓarɓashi da hannu, ku sa tabaran kariya. Ƙarfe kan bar zoben tsatsa a koniya cikin 'yan awoyi. Sannan maganin kashe zafin da muke ɗigawa kafin cirewa ba na zuwa gida ba ne. Wanda ya riƙa ɗiga shi kullum, fatar ba za ta rufe ba, har koniya ta narke, shi kuwa ba ya jin komai.

Mai_Walda:
Na ji Anti. Wannan na ƙarshen wallahi da yawa cikinmu suna yi. Zan isar.

Likita_Aminu:
Akwai wani bambancin kuma tsakanin ƙarfe da tsinke. Ɓarɓashin walda da zafinsa yake shiga, sau da yawa ba ƙwayar cuta a jikinsa. Tsinke, ƙaya, ganye, duk abin da ya fito daga tsiro, yakan ɗauko fangas, wato ƙwayar cuta dangin fumfuna. Gyambon fangas a hankali yake ci, yana shiga da zurfi, yana daɗewa, shi ya sa yake barin tabo da jijiyoyi. Babban gwajin da aka buga a 2013 ya nuna ɗigon natamycin ya fi voriconazole a irin wannan gyambo.

Khadee_M:
Ni ba rauni na ji ba, amma an ce min jijiyoyi sun fara shiga koniyata ta sama. Gilashin mannawa nake sawa, irin wanda ake ɗorawa a kan baƙin ido, kuma nakan kwana da shi. Wannan ma kumburi ne?

Nas_Rabi:
Ƙanwata, naki ƙarancin iska ne. Koniya daga waje take shaƙa, kin rufe ta da gilashi, da dare kuma fatar ido ta ƙara rufewa. Idan ta rasa oksijin sai ta kira jijiyoyi. Ki daina kwana da shi daga yau, ki koma tabarau har likita ya sake dubawa. Kuma kada ruwan famfo ya taɓa gilashin ko mazubinsa, akwai wata ƙwayar cuta, amiba, da ke cikin ruwa wadda gyambonta yana daga cikin mafi wuyar magani.

Famasis_Nura:
Mu dawo kan yayan Abu Hafsat. Ina kyautata zaton abin da likita zai ba shi don lafar da jijiyoyin sitiroyid ne na ɗigawa, wato maganin kwantar da kumburi, kuma ni wannan magani tsoro yake ba ni. Kullum mutane na zuwa nemansa saboda yana gusar da ja nan take. Yana ɗaga ƙarfin ruwan ido, wato hawan jinin ido, yana kawo yanar ido, yana hura wutar fangas da hapis, wata ƙwayar cutar bairos da ke kama koniya. Idon da tsinke ya soka, a ɗiga masa sitiroyid? Ni da za a bi tawa, a bar shi.

Likita_Aminu:
Malam Nura, duk haɗarin da ka lissafa gaskiya ne, kuma wanda ya sayi sitiroyid da kansa ya ɗiga a jan ido yana wasa da ganinsa. Amma ban yarda a bar shi kwata-kwata ba. Har yau shi ne maganin farko na kumburin da ke kiran jijiyoyi, kuma idan babu shi dashe ba ya zama. Magana ce ta lokaci da sa ido. Fangas na raye, haramun ne. Gyambo ya rufe, an tabbatar cutar ta mutu, ana auna ƙarfin ruwan ido a kowane zuwa, to wannan wani zance ne. Ko a gyambon bakteriya, gwajin 2012 da aka yi da mutum 500, mafi yawansu a Indiya, ya nuna ƙara sitiroyid a kan maganin kashe ƙwayoyin bai ƙara gani ba a jimlace bayan wata 3, bai kuma ƙara hujewar ido ba, sai masu ƙwayar Nocardia ne ya yi musu illa. Ka ga ba mai ceto ba ne, ba kuma dodo ba ne.

Famasis_Nura:
Na ji Likita, amma fangas kan yi likimo a cikin nama ya farfaɗo. Ina nan kan bakana cewa a irin wannan ido a yi taka-tsantsan ninki biyu.

Likita_Aminu:
A kan taka-tsantsan ba mu da saɓani.

Ummu_Khalil:
Tunda an ambaci hapis. Ɗana nasa dawowa yake yi, duk dawowa kuma hazon ya ƙaru, jijiyoyin su ƙara matsowa tsakiya. Abin da ya fi ba ni tsoro, yanzu idon ba ya ma yi masa zafi sosai. Na ɗauka sauƙi ne, likita ya ce a'a.

Likita_Aminu:
Hajiya, likitansa ya faɗi daidai. Koniya na daga cikin sassan jiki mafi yawan jijiyoyin ji, kuma waɗannan jijiyoyi ba jin zafi kaɗai ne aikinsu ba, su ke ciyar da fatar sama da sinadaran da take warkewa da su, su ke sa ƙiftawa da hawaye. Hapis na lalata su, ciwon suga ma haka. Idon da ba ya ji yakan yi miki bai sani ba, mikin kuma ya ƙi rufewa. Ki tambayi likitansa game da ƙwayar acyclovir ta rigakafi. A gwajin da aka buga a 1998, shanta kullum na shekara guda ya rage dawowar ciwon daga 32 cikin 100 zuwa 19.

Injiniya_Bello:
Abu ɗaya zan ƙara saboda masu aikin gini da masana'antu. Siminti ko soda ko ruwan batir ya shiga ido, kada a tsaya neman mota. A buɗe idon a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 30, sannan a tafi asibiti. Na ga wanda siminti ya faɗa wa, idon bai ma yi ja ba, fari fat ya yi, ashe hakan ya fi muni.

Zainab_Bincike:
Ƙwarai kuwa Injiniya. Farin nan alama ce jijiyoyin da'irar da ke gefen koniya sun ƙone, a da'irar nan kuma iyayen ƙwayoyin da ke sabunta fatar koniya suke zaune. Idan suka mutu, tantanin farin ido ne ke hayowa da jijiyoyinsa ya rufe koniya. Irin wannan ido dashe kaɗai ba ya yi masa, sai an fara mayar da iyayen ƙwayoyin, sau da yawa daga ɗaya idon mai lafiya. Dashen koniya na farko da ya yi nasara ma, wanda Eduard Zirm ya yi a 1905 a garin Olomouc, ƙunar farar ƙasa ce ta makantar da mutumin.

Abu_Hafsat:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa yayana duka. Tambayarsa ita ce, ban da sitiroyid akwai abin da ke kashe jijiyoyin gaba ɗaya? Kuma idan suka ƙi tafiya, shi ke nan ba dashe?

Likita_Aminu:
Akwai hanyoyi, kowace da iyakarta. Akwai bevacizumab, wanda aka fara amincewa da shi a Amurka a 2004 don kansar hanji, yana kama VEGF, ana ɗiga shi ko a yi allurarsa a gefen ido. Ya fi aiki a kan sabbin jijiyoyi. Waɗanda suka tsufa sun riga sun yi wa kansu rufi, ba sa dogara da VEGF kuma. Yana kuma iya jinkirta rufewar fatar sama, shi ya sa ba a sa shi a kan buɗaɗɗen miki. Manyan tsofaffin jijiyoyi akan ƙona su da siririyar allura mai lantarki ko da leza, amma wasu sukan sake buɗewa. Idan kumburi ya lafa, da yawa sukan bushe da kansu su zama fanko ba jini, sai dai bututun na nan, kumburi ya dawo su sake cika.

Dashe kuma bai haramta ba ko da jijiyoyi, haɗarin ne ke ƙaruwa. Idan tabon bai kai ƙasan koniya ba, ana iya canza saman da tsakiyar kawai a bar masa shimfiɗarsa ta ciki, wadda ita ce garkuwar jiki ta fi kai wa hari kuma ba ta sake tsirowa. Wani ma gilashin mannawa mai tauri kawai yake bukata ya ga ganinsa ya gyaru, don sau da yawa rashin santsin saman ne ke ɓata gani fiye da farin. Kuma a tuna koniyar bayarwa ba ta wadata ba, binciken 2016 ya nuna guda 1 ake samu ga kowane mutum 70 da ke bukata a duniya. Dashen farko shi ya fi damar zama, na biyu ya fi shi haɗari.

Zainab_Bincike:
Jiran ma kansa magani ne. A gwajin ɓeraye, bayan kumburi ya wuce, limfa ce ke fara janyewa kafin jijiyoyin jini. Ni ina ganin nan gaba toshe limfa kafin dashe zai zama ƙa'ida.

Malam_Tukur:
Amma Malama, ba ke kika ce limfa ce ke kwashe ruwan nama ba? Koniyar da ta kumbura da ruwa, idan kika toshe magudanarta fa? Ni har yanzu ina tare da Abu Hafsat ta wannan fuska.

Zainab_Bincike:
Ka taɓo wurin da ake muhawara a kai Malam. Akwai gwajin ɓeraye da ya nuna shigowar limfa na ɗan lokaci tana taimaka wa koniya ta sauke kumburin ruwa bayan rauni, da aka toshe ta sai hazon ya daɗe. Shi ya sa nake cewa kafin dashe, ba lokacin da miki ke ɗanye ba.

Likita_Aminu:
Ni kuma sai an nuna haka a idon mutane da yawa kafin in kira shi ƙa'ida. Koniyar ɓera ta fi tamu sirantaka nesa ba kusa ba, kuma raunin da ake yi mata a ɗakin gwaji mai tsabta ne, ba tsinke mai fangas ba.

Nas_Rabi:
Abu Hafsat, idan za ku koma ku roƙi a ɗauki hoton idon da na'urar, a riƙa ɗauka kowane zuwa. Da hoto ne kawai ake gane ko jijiyoyin gaba suke yi ko baya, kuma ku tambaya ko an auna ƙarfin ruwan idon idan an fara sitiroyid. Baffa Isa, kai ma idan akwai sauran zare a dashenka, duk wanda ya saki a cire shi da wuri, sakakken zare yana janyo jijiya kai tsaye zuwa bakin dashe.

Baffa_Isa:
Akwai saura kuwa 'yata, kuma kwanan nan ina jin wani abu na sukata idan na ƙifta. Gobe da safe in sha Allahu zan je a duba.